Waƙar da Ba Ta Numfashi

A garinmu, can tsakanin Kura da Bunkure inda kanal ɗin ruwan noma ya raba gonaki gida biyu, akwai al'adar da na tashi na tarar. Duk kaka, ranar gayyar yankan shinkafar Sarkin Noma, mawaƙin gari zai zo da sabuwar waƙa, wadda ba a taɓa ji ba ko a bakin rijiya. Da ita masu lauje za su shiga gona, da ita za su kai gaɓa, wato ƙarshen gona. Idan aka tashi, damin farko da aka ɗaure ba ya tafiya gidan Sarki, a gaban mawaƙi ake dire shi. Damin mawaƙi ake ce masa. Ba wani abin kirki ba ne, in ka buge ka cashe da kyar ya riƙe gida kwana uku. Amma mahaifina ya ɗauke shi har ya tsufa, ni ma na ɗauke shi shekara da shekaru. In mawaƙi ya zo da tsohuwar waƙa, ko waƙarsa ta ɓata aiki, Sarki yana da ikon ya dire damin a gaban wanda ya ga dama. Ba a taɓa yi ba, amma kowa ya san yana da ikon.

Shekarar da nake ba da labari, lokacin da wayar hannu ta fara shigo mana har mutum ya hau tudun kanal yana ɗaga ta sama yana neman sabis, kaina ya bushe ƙayau. Da can waƙa kan same ni ne a kan keke, ina tafe bakin kanal, feda tana kuka, ƙafa tana hawa tana sauka, sai in ji abu ya faɗo mini a baki. To a shekarar na sayar da keken na sayi babur, don ni ma a san na isa. Sai in tashi daga gida in isa gona ban ko gama tunanin abin da zan ci ba, balle waƙa. Shinkafa ta fitar da kai, ta yi nono, ta fara sunkuyawa, ni ko baiti ɗaya babu.

Makaɗina, wanda ya fara yi wa mahaifina ganga tun yana saurayi kafin ya dawo hannuna, kullum in muka fito masallaci da asuba sai ya matso ya ce, "Mai waƙa, ta zo?"

In ce, "Tana hanya."

"A ƙasa take tafe ne?"

Ana haka sai na ji labarin da ya hana ni cin tuwo. Wai Sarkin Noma ya aika wa wani mawaƙi na ɓangaren Bunkure, mai jini a jika da murya kamar an wanke ta, cewa ya zo ranar gayya ya sha kallo. Ya sha kallo! Ni na san irin wannan kallon. Haka ake kiran mahauci ya zo ya duba lafiyar sa.

Mai ɗakina ce ta gaji da ganina ina juya cokali a kwano. Ta ce, "Malam, ka je wajen ƙanina a Kura mana. An ce yana da abin da ke fitar da kiɗa da kansa."

Na ce, "Ni? Wajen mai gwangwani?"

Ƙanin nan nata tsohon malamin firamare ne, ya haura arba'in, ya ajiye alli ya buɗe situdiyo a bayan injinan casar shinkafa, yana ɗaukar waƙoƙin 'yan Islamiyya da na 'yan siyasa. Akwai wasa tsakaninmu, kuma na fi shi baki. A wani taron suna, a gaban mutane, na taɓa cewa kiɗansa kiɗan gwangwani ne, duk wanda ya yi waƙa a kansa buhun da ba komai a ciki ya kamata a ba shi. An yi dariya ranar, har da masu riƙe ciki. Yanzu ga shi saura kwana goma sha biyu gayya.

Washegari da hantsi na hau babur, na ce wa duk wanda na gamu da shi taki zan saya.

Shagon ɗan ƙarami ne, an manne bangon da kwalayen ƙwai wai don kada ƙarar injinan casa ta shigo, amma tana shigowa abinta. Dusa ta hau komai, har wani fiyano da ke gefe an rufe shi da zanen mata. Yana ganina ya miƙe ya cire hula.

"A'a! Yau wace rana? Mijin Yaya da kansa a gidan gwangwani?"

"Taki na zo saye, na ce bari in leƙo in ga ko ka mutu."

"Ina takin?"

"Ya yi tsada."

"To zauna. Yaya ta bugo mini tun jiya daga shagon waya, ta ce kana tafe, kuma kada in yi maka dariya." Yana faɗa yana dariya.

Ya tayar da janareto, ya kunna kwamfuta. Ni karatuna bai wuce wata huɗu a ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma rabi barci na yi, don haka abin da ke kan gilashin nan duk ɗaya yake a wajena da zanen tabarma. Ya yi mini bayani a hankali kamar yana gaban 'yan aji ɗaya. Wata manhaja ce aka zuba a ciki. Za ka ba ta ɗan abu kaɗan, sauti huɗu ko biyar a kan fiyano, kamar iri. Sai ka danna wani ɗan hoto a gefe, ita kuma ta ɗora a kai ta fito maka da karin waƙa cikakke. In bai yi maka ba ka sake dannawa, ta fito da wani dabam. Na duba hoton da kyau, ashe ɗan ludo ne, mai ɗigo-ɗigo, irin wanda ake jefawa a rumfar mai shayi.

Na ce, "Wato caca ce."

"Ba a zuba komai, ba caca ba ce. Kuma ba ta san komai ba, jefawa kawai take yi. Kai ne mai kunne, kai za ka tsinta."

Na yi masa ɗan gunaguni da hanci, wani guntun abu da ya kwana uku yana yawo a kaina ya ƙi girma. Ya lalube shi a fiyano, ya ce in danna da hannuna. Na kama ɗan ɓeran nan da ake turawa a kan tebur kamar zan taɓa maciji.

Na farko ya fito kamar akuya ta faɗa cikin durom. Na biyu kamar kiɗan finafinan Indiya, na ce wannan in na kai gona sai an ɗaure ni. Na uku bai da maraba da kukan injin da ke bayanmu. Muka yi ta jefawa. Gumi ya jiƙa mini riga, ina ta kallon ƙofa kada wani ɗan garinmu da ya kawo casa ya leƙo ya gan ni. Na fara cewa a raina gara in koma in ce wa Sarki ba ni da lafiya. Can, ban san jifa ta nawa ba, sai wani kari ya fito. Ya hau hawa uku, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya sauko ta wata hanyar da ban taɓa bi ba duk tsawon rayuwata. Tsigar jikina ta tashi.

Na ce, "Tsaya! Kama mini wannan kada ya gudu."

"Ba ya gudu, Mijin Yaya, ba zabo ba ne."

Sai ya nuna mini wata lamba a ƙasa, ya ce ita ce gudun kiɗa, a nawa nake so a bar ta? Yadda take a lokacin daidai take, tafiyar mutum mai hankali. Amma sai mawaƙin Bunkure ya faɗo mini a rai, da maganar da na san ana yi a bayana cewa na tsufa, waƙoƙina sun koma na rarrashin jarirai.

Na ce, "Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara dai."

"Mijin Yaya, yankan shinkafa za a yi ko tseren babur?"

"Samarinmu ba irinku ba ne 'yan cin burodi. Ƙara."

Ya ɗaga kafaɗa ya ƙara, ya zuba mini a kaset, karin yana zagayowa yana komawa farko ba tsayawa har kaset ya ƙare. Na sa shi a aljihun ciki kamar laya, na roƙe shi don girman Allah kada ya gaya wa kowa. Ya ce bakinsa a ɗinke yake, sai dai yana so in maimaita abin da na ce game da buhu. Na ce ban tuna ba.

A rumfar gonata na ɓuya da 'yar rikoda. Abin mamaki, da karin ya zauna a kunnena sai kalmomi suka ɓalle kamar an ɗaga ƙofar kanal. Kwana biyu na gama waƙa. Sai dai duk a zaune na yi ta, ƙasa-ƙasa, ina raɗa kamar mai gulma, don kada maƙwabcin gona ya ji kaset. Ban taɓa miƙewa tsaye na buɗe maƙogwaro na gwada ta yadda za a yi ta a fili ba. Mai raɗa ba ya sanin inda numfashi zai ƙare masa.

Saura kwana uku na kai wa makaɗi, a zaurensa. Na rera masa a hankali, ina buga cinya da saurin da ke cikin kaset. Ya saurara ido a rufe. Da na gama ya ce in sake. Na sake. Ya ajiye gular kaɗa ganga a kan tabarma.

"Ina ka samo ta?"

"Bakin kanal, inda na saba."

"Wanne kanal ɗin?"

"Kanal nawa gare mu?"

Ya ce, "Tana da daɗi, ban taɓa jin irinta a bakinka ba. Amma ba ta numfashi. Mahaifinka yakan bar ƙofa a ƙarshen kowane baiti, inda mai lauje zai miƙe bayansa ya ajiye abin da ya yanka. Kai ma haka kake yi. Wannan ba ƙofa, ba taga. Wanda ya yi ta ba shi da huhu."

Maimakon in faɗi gaskiya sai na yi abin da na fi iyawa. Na ce, "Ka dai ce hannunka ya mutu, ba za ka iya bin ta ba."

Bai yi fushi a fili ba. Ya ɗauki gularsa ya ce, "Hannuna zai kai. Bayan mutane nake ji."

Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. In na ga mutum biyu suna magana suka yi shiru da na iso, sai in ce shi ke nan, labarin Kura ya zo. Maganar ƙofa da taga kuma ta ƙi barin kunnena. Sau biyu na tayar da babur zan koma a rage mini lambar nan, sau biyu na kashe, don na san dariyar da ke jira na a can. Kuma da na rage a kaina ai ya wadatar, ba sai na je ko'ina ba. Amma kunnena ya riga ya saba da gudun kaset, in na sassauta sai in ji kamar waƙar ta mutu.

Ranar gayya gari ya fito. Shinkafar Sarki ta bushe sosai a shekarar, ta yi jawur, kan ya yi nauyi har yana taɓa ƙasa. Masu lauje suka yi sahu ɗaya mai tsawo daga wannan kunya zuwa waccan, samari da magidanta da 'yan dattawan da ba sa yarda a bar su a gida. Mata suna gefe da ƙoren fura. A kan tudun kanal na hango mawaƙin Bunkure da farar hula, ya harɗe ƙafa. Kusa da shi, a kan babur, ga ƙanin mai ɗakina, yana ɗaga mini hannu yana washe baki. Na ji kamar in shige cikin fangalin shinkafa in rufe kaina da laka.

Sarki ya ɗaga sanda. Makaɗi ya dube ni, na gyaɗa kai, ya saki ganga da saurin da na ba shi. Na buɗe baki:

"Shinkafa ta sunkuya, ku sunkuya mata,
Yau ba gaisuwa, ba waiwaye, sai gaɓa."

Wallahi karin ya kama mutane. Na ga kawuna sun ɗago, na ji wata tsohuwa ta saki guɗa tun kafin in gama baitin farko. Na saci kallon mawaƙin Bunkure, na ga ya sauke ƙafarsa. Na ce a raina, yau za ka sha kallon da aka kira ka.

Daɗin bai kai baiti biyu ba. Samari suka bi ganga suka yi gaba kamar an kore su, magidanta suna ta haƙilo a tsakiya, dattawa aka bar su a baya. Sahu ya karye, ya koma kamar haƙoran tsoho. Ba wanda ke samun sararin miƙewa ya ajiye abin da ya yanka a hankali, sai dai a fizga a yar, a fizga a yar. Busasshiyar shinkafa kuwa ba ta son fizga. Ta ƙarƙashin ganga na fara jin wani sauti, tsaba tana zuba a ƙasa kamar yayyafi. Na ga Sarki ya sunkuya, ya kwashi wani abu a tafin hannunsa, ya duba, sannan ya ɗago ya dube ni.

Ni kuma a lokacin ƙirjina ya fara ƙuna. Baiti yana ƙarewa wani yana hawa kansa, ina neman inda zan ja iska babu. A rumfa da raɗa na wuce wurin nan sau ɗari. A tsaye, da murya a buɗe, rana a ka, ina shiga baiti na uku sai maƙogwarona ya rufe. Na ce "Yau ba gaisuwa," sai tari. Ba ƙaramin tari ba, irin wanda ke durƙusar da mutum, har da hawaye da majina. Na dafa gwiwa ina yi, gari guda yana kallo.

Ganga ba ta tsaya ba. Ina durƙushe na ji ta tana sauka, sannu sannu, kamar babur ya saki mai. Da na share ido na duba, makaɗi ba ni yake kallo ba. Ya kafa ido a bayan wani dattijo mai ɗingishi, wanda ya fi kowa zama a baya. In dattijon ya sunkuya sai gula ta sauka, in ya ja lauje ta sake sauka, in ya miƙe zai ajiye sai makaɗi ya ɗaga hannu ya bar wurin fayau. Sau uku ya yi haka. A na huɗu, a cikin wannan sararin, dattijon ya miƙe ya riƙe ƙugu ya ƙarasa mini baitin da na bari, da wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa: "Sai gaɓa!"

Aka fashe da dariya, sannan sahu gaba ɗaya ya amsa, "Sai gaɓa!"

Makaɗi ya harare ni, ya ce, "Mai waƙa, in ka gama mutuwa ka tashi, ana jiranka."

Na tashi. Na kama waƙar a inda ganga ta ajiye ta, ina yin rabin baiti in yi shiru, su miƙe su ajiye su amsa, ni kuma in sha iska. Samari suka dakata har na baya suka iso, sahu ya koma ɗaya. Karin nan da ɗan ludo ya jefo, da aka sassauta shi sai ya buɗe kamar tsumma a ruwa, wurin da yake tsayawa kamar mai tunani ashe nan ne ƙofar, ni na toshe ta da gudu. Yayyafin tsaba ya ɗauke. Kafin azahar aka kai gaɓa.

Aka ɗaure damin farko aka kawo gaban Sarki. Mutane suka kewaye. Sarki ya ce, "Mai waƙa, wannan waƙa taka ce?"

Na dubi ƙanin mai ɗakina, ya kau da kai yana duban sama kamar mai neman wata. Na dubi makaɗi, yana ta gyaran tsirkiyar ganga abinsa. Na ga ƙaryar ta yi mini nauyi, ga ƙirji ba ƙarfi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kalmomin nawa ne. Karin kuwa a Kura na samo, kwamfuta ce ta jefo mini."

Wani daga baya ya ce, "A kawo buhu!" Ashe ba a manta ba. Aka yi ta dariya har da mawaƙin Bunkure, shi har da buga cinya.

Sarki ya bari aka lafa. Ya ce, "Ba ruwana da inda ka samo iri. Duk wanda ke nan sayen iri yake yi, ba a tambayarsa. Waƙa sabuwa ce, kuma ta yi daɗi." Na fara jin iska tana shiga ƙirjina. Sai ya buɗe tafin hannunsa, ashe tsabar nan tana ciki tun ɗazu. "Amma ni abin da na gani, da farko shinkafata a ƙasa take zuba, daga baya ta daina. Wanda ya sa ta zuba na san shi, wanda ya tsayar da ita ma na san shi."

Ya yi nuni da sanda. Aka ɗauki damin aka wuce ni da shi, na ji ƙanshinsa, aka dire a gaban ganga.

Tun zamanin mahaifina ba a taɓa yi ba. Na tsaya ina kallon damin nan, ina tuna yadda tsoho yake ɗora shi a kaina in kai gida ina yaro, ƙaiƙayi yana zubo mini a wuya.

Makaɗi ya rataya gangarsa, ya zagaya damin sau ɗaya, ya gwada ɗagawa ya ajiye. Ya ce, "Mai waƙa, kai ne mai babur. Hannuna ya mutu, ɗauko mini."

Ni na ɗaure shi a bayan babur na kai masa har zaure, yana tafe a baya a ƙasa, ina tafiya a hankali don kada tsaba ta zube. Da na koma gida mai ɗakina ta leƙa bayan babur ta ga wayam, ta zubo mini tuwo. Ranar na cinye tas, har na nemi ƙari.

Har yanzu ana yin waƙar a gonakinmu, a wajen yanka da wajen bugu a kan durom. Samarin da ba a haifa ba a lokacin sun iya ta. In sun zo baiti na uku, daidai "Yau ba gaisuwa," sai duk sahun ya tsaya ya yi tari sau biyu, sannan a ce "Sai gaɓa." Da yawansu sun ɗauka haka aka tsara ta. In ina wucewa ta bakin kanal suka hango ni, sun fi ƙara wa tarin ƙarfi.